Hutun Rediyo da Rigunan Yaya

Da hannuna na rubuta jadawalin hutun Rediyo, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Yayata ce ke faɗa, ni ina jan layi a bayan wata tsohuwar kalanda a kan teburin cin abincinsu, mijinta kuma yana zaune a gefe ya zuba wa ƙasa ido kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Rediyo 'yar Yaya ce, ita kaɗai Allah ya ba su, shekararta sha shida a lokacin. Sunan ya bi ta tun tana 'yar shekara uku, domin in ta buɗe baki da safe ba ta rufewa sai barci ya sace ta, kuma har yau ba a gano inda ake murɗawa a rage mata murya ba. Makarantar kwana take yi. Tana can tana fama da jarrabawar ƙarshen shekara likita ya gaya wa Yaya cewa ƙullutun da ta daɗe tana rainawa ciwon daji ne, kuma za a fara mata magani a satin da za a ba da dogon hutu.

Yaya malamar makaranta ce, shekara ashirin tana tsawata wa 'ya'yan mutane, ta saba in ta faɗi magana ta zauna. Ta ce an bayyana mata yadda maganin yake yi wa mutum: amai, rama, zubewar gashi. Ta ce 'yarta ba za ta gan ta a haka ba. Hutun kwana hamsin da shida ne, za mu cika shi taf yadda yarinyar ba za ta sami sararin tambaya ba, kafin ya ƙare ita ta murmure.

Na ce mata yarinyar nan fa ba jaririya ba ce. Mijinta ma ya ɗago zai sa baki. Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da take yi wa 'yan ajinta, ta ce da ni, "Ke dai rubuta."

Na rubuta. Kwana biyu a gida. Sati biyu wurin ƙaninmu, wanda Rediyo ke kira Kawu, a birninsu na bakin teku. Sati ɗaya wurin tsohuwarmu. Sati huɗu a wurina, a garin da nake da shagon ɗinki, tafiyar awa uku daga gidan Yaya, kuma in nema mata aikin sa kai, tunda makarantarsu na son kowace ɗaliba ta dawo da takardar shaidar ta yi wa jama'a wani abu. Sai kwana biyar na ƙarshe ta dawo gida. Ƙaryar da za a yi mata kuwa ita ce ma'aikata ta tura Yaya kwas wani gari mai nisa, inda ba a yarda da baƙi. Tun ina rubutawa na san abin da muke yi. Muna ɗaukar kwanakin da yarinya za ta yi da uwarta muna rabar wa dangi, alhali babu wanda ya san ko nawa suka rage. Na sani, na kuma ci gaba da jan layi, saboda tunda na zo duniya ban taɓa ce wa Yaya a'a ba.

Da farko abin ya tafi daidai har ya ba ni tsoro. Rediyo ta shiga jirgin ƙasa karon farko a rayuwarta, ta riƙa turo mana hotuna kamar an ɗauke ta aikin jarida: hoton tagar jirgi, hoton ƙafarta a cikin yashi, hoton Kawu yana barci baki buɗe a kan kujerar bakin ruwa. Matar Kawu ta bugo mini ta ce yarinyar nan ta san sunan kowa a layinsu cikin kwana uku, har mai gadi ta san matsalar da ke tsakaninsa da surukarsa.

A wurin tsohuwarmu ne aka fara samun tangarɗa. Ita tsohuwa ba ta iya ƙarya ba, sai ta ɓoye abin da ke ranta a cikin tukunya. Safe, rana, yamma, cusa wa yarinya abinci kawai take yi. Rediyo ta bugo mini tana dariya ta ce Kaka ta canza, ta daina tsokanarta. Da can in sun haɗu sai Kaka ta ce mata mai ƙafar tsinke, ita kuma ta ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, su wuni suna yi. Wannan karon ta jefa mata tsokana har sau uku, Kaka sai ta shafa kanta kawai ta ce Allah ya yi mata albarka. Na ce tsufa ne, ta ce wataƙila.

Ranar Lahadi ta iso wurina da jaka biyu da labari buhu goma. Na riga na sa sunanta a ɗakin karatu na yara, inda za ta riƙa jera littattafai tana karanta wa ƙanana labari. Kwana biyu ta yi ta ce ba za ta iya ba, wai an manna takarda a bango an hana surutu, ita kuwa ba ta zo duniya don ta yi shiru ba. Ba tare da ta shawarce ni ba ta je babban asibitin garinmu ta sa sunanta cikin ɗaliban da ke aikin sa kai a can, masu sa 'yar riga rawaya a kan kayansu. Aikinsu tura keken marasa lafiya, nuna wa baƙi hanya, da riƙe wa wanda ba ya iya tsayuwa layin karɓar kati.

Na ce asibiti ba wurin yara ba ne, za ta kwaso wata cuta. Ta ce an ba su abin rufe hanci. Na ce akwai nisa. Ta ce tafiyar minti goma ce, ta auna. Dalilina na gaskiya ba ya faɗuwa, sai na ƙyale ta.

Kullum da la'asar ta dawo ta zauna a kan bencin shago, ta cire takalmi, ta kunna. Ina taka keken ɗinki tana ba ni labarin asibiti. Akwai nas ɗin da ke tafiya kamar ana bin ta da bulala. Akwai tsohon da ke zuwa kullum ba don ciwo ba, sai don fankar ɗakin jira ta fi ta gidansa. Akwai kuma wata mata mai jar hula da ake kawowa duk Talata a yi mata ƙarin ruwa a ɗakin da ke ƙarshen baranda, wuyanta ya zama kamar na kwalba, amma duk wanda ya tambaya sai mijinta ya ce gajiya ce kawai. Rediyo ta kwaikwayi muryar mijin har da yadda yake gyara hula, sannan ta ce, "Anti, kin san abin da na lura? Masu jinya sun fi marasa lafiya iya ƙarya."

Zare ya tsinke mini a keke. Na daɗe ina neman ramin allurar kafin in iya zura shi.

Duk Asabar ina rufe shago in ce na tafi sarin yadi. Yadin ina sayowa, amma a gurguje, a hanyar dawowa. Gidan Yaya nake zuwa. In same ta a kan doguwar kujerar falo, roba a gefenta, tagogi a buɗe saboda ko ƙamshin sabulu tayar mata da zuciya yake yi. Duk da haka gayunta bai bar ta ba. Ta ce ba za ta je asibiti cikin riga tana yi mata yawo a jiki kamar buhu ba, don haka duk zuwan da na yi sai na zaro tef na auna ta, in kwaso riguna biyu ko uku in rage, in mayar mata Asabar mai zuwa. A ƙasan jaka nake sa su, in danne da sabon yadi.

A nan sai na faɗi yadda nake aiki, don ta nan abin ya ɓullo. Ina da babban littafi mai baƙin bango, kowace mai kawo mini ɗinki da shafinta. Ba na goge awo. In mace ta ƙaru ko ta ragu, sai in ja layi a kan tsohon, in rubuta sabon a ƙasa da kwanan wata. Shafin Yaya shi ne na farko, domin ita ta fara yarda ta ba ni yadinta ina 'yar koyo, na kuwa ɓata shi, ta sa a haka ta tafi makaranta. Abu na biyu, in aka kawo mini riga a rage, ba na yanke abin da ya yi yawa. Naɗe shi nake yi ta ciki in bi da ɗinki, domin jikin mace tafiya yake yi ya dawo. Wadda ta rame bana saboda shayarwa, baɗi za ta zo tana roƙon a buɗa mata, in ka yanke ka cuce ta. Haka matar da ta koya mini ta yi, haka na koya wa duk wadda ta zauna a shagona. Rediyo ma tana 'yar shekara goma, a wani hutu, na taɓa buge mata hannu da ta miƙa shi ga almakashi za ta datse gefen wani siket.

Na ɓoye rigunan, na ɓoye hawayena, na ɓoye tikitin mota. Littafin kuwa yana nan a kan tebur inda yake kullum, ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa shi ma yana magana ba. Ƙugu talatin da takwas, an ja layi. Talatin da shida, an ja layi. Talatin da huɗu. Talatin da biyu. Kowanne da kwanan watan Asabar ɗin da na ce na tafi sarin yadi.

Da yamma Yaya ke bugowa, lokacin da maganin amai ya ɗan kama ta. Ta ce kyamarar wayarta ta lalace, sai dai murya. Rediyo ta sa wayar a kan teburin yanka ta buɗe lasifika, ina guga ina jin su. Yaya ta ƙirƙiro kwas guda da mutanensa: malamin da ke cewa "kun gane ko" bayan kowace jimla, abokiyar ɗakinta mai minshari, shinkafar da ake dafa musu kamar tsakuwa. Rediyo ta yi ta ƙyaƙyata dariya, tana tambayar yau me mai minshari ta yi. Ni kuwa ina jinjina wa Yaya a raina, ina cewa wannan mata da ta shiga wasan kwaikwayo da ta yi suna. Ban san su biyu ne ke wasan ba.

A sati na biyu Rediyo ta fara rage surutu. Ta dawo daga asibiti, ta gaishe ni, ta zauna tana tsince zare daga tabarma. Labari ɗaya, biyu, sai shiru. Na ce gajiya ce, kalmar mijin mai jar hula ke nan na ara ban ma lura ba. Kunya nake ji in faɗa, amma har daɗi na ji, domin mai shiru ba ya tambaya.

Asabar ta uku da zuwan Rediyo na sami Yaya a asibiti, ba a gida ba. Likita ya kira ni da mijinta ofis, ya rufe ƙofa, ya daɗe yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ya ce maganin bai yi abin da aka so ba, ciwon ya riga ya wuce inda ake zato. Za su koma ba ta abin da zai rage mata zafi, sauran kuma sai addu'a. Mijin Yaya ya tambaye shi wata nawa. Likita bai ce wata ba.

Da muka koma gida na durƙusa a gaban kujerarta na ce Yaya, don girman Allah ki bari in kawo yarinyar nan. Ta ce saura sati ɗaya ta dawo da ƙafarta, a bar ta ta gama aikinta ta karɓi takardarta, kada a ɓata mata hutu. Ta ce kafin nan sabon maganin ya zauna mata, ta ɗan yi kyan gani. Sannan ta canza magana, ta ɗaga hannu ta nuna mini gefen haƙarƙarinta, inda naɗin da na yi wa shuɗiyar rigarta sau uku ya yi kauri yana gurzar ta har fatar ta yi ja. Ita ce rigar da ta fi so, mai ƙananan furanni, Rediyo ce ta zaɓo mata yadin bara. Ta ce in yi mata dabara. Na auna ta. Ƙugu talatin.

Ranar Litinin da rana, Rediyo na asibiti, na fito da rigar na juya cikinta. Na warware naɗin duka, na shimfiɗa ta a kan tebur, na ja sabon layi da alli. Abin da ya rage a kowane gefe ya kai faɗin tafin hannuna. Na tsaya ina kallonsa. Ban ce na yanke shawara ba, ban ce na yi tunani ba. Na dai ji ƙarar almakashi, na ga dogayen ƙyalle biyu sun faɗi ƙasa. Na kwashe su na jefa a kwandon tarkace, na haɗa rigar, na goge, na sa a ƙasan jaka. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, har na yaba wa kaina.

Kowace safiya kafin ta tafi asibiti Rediyo ke share shago ta zubar da kwandon. Ranar Talata na fito daga ciki ɗauke da kofin shayi biyu, na same ta zaune a ƙasa da rawayar rigarta a jiki, tsintsiya a gefe, ƙyallayen nan biyu a miƙe a kan cinyarta tana shafa su.

"Anti, kin yanke," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na ce ai na wata mata ne, yadin ya yi yawa a gari. Ƙaryar ta fito da kanta, sati shida ina horar da bakina.

"Ni na zaɓi yadin nan. Ga inda biro ya taɓa shi ranar da muka sayo." Ta nuna mini ɗan ɗigon tawada a gefe. "Tun satin da na zo na ga littafin. Na ga kwanan watan. Na kuma ga masu irin wannan ramar a ɗakin ƙarshen baranda, ni nake tura su."

Na ajiye kofunan a kan keke. Na tambaye ta me ya sa ba ta yi mini magana ba.

"Ita ba ta so in sani. Na ce to bari in yi mata abin da take so, tunda shi kaɗai aka bar mini in yi mata." Ta naɗe ƙyallen a yatsanta ta warware. "Duk ranar Juma'a in kin shiga wanka sai in buɗe jakar in juya rigunan. In na ga kin naɗe, sai in ce Anti ta san za ta dawo jikinta, da ba ta sani ba da ba ta bari ba. Da shi nake iya dariya a waya."

Na ce mata naɗin ne ke gurzar ta, fatarta har ta yi ja, shi ya sa.

Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni. Idonta a bushe yake, na fi son da kuka take yi.

"Da gurza ce kawai da kin sa mata shafin yadi mai laushi ta ciki. Ke kika koya mini."

Gaskiya ta faɗa. Na san hanya ta fi biyar da ake hana naɗi taɓa fata, na yi wa masu jego, na yi wa tsofaffi. Ban bi ko ɗaya ba, domin tun a ofishin likita zuciyata ta riga ta sallama, hannuna kuma ya bi ta ba tare da ya tambaye ni ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, a cikin ƙurar da ta tara, na gaya mata duk abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Ni ce na yi kukan, ita tana kallon ƙofa.

Da na gama ta cire rawayar rigar, ta ninke ta da kyau, ta ce in ba maƙwabciyata ta mayar wa 'yan asibiti, ta kuma gaya musu yau Talata, a sami wanda zai tura mai jar hula don mijinta ba ya iya hawa gangaren da keke. Takardar shaidar ko ambatonta ba ta yi ba. Ta shiga ta haɗa jakarta.

Ban kira Yaya ba, na san abin da za ta ce, na kuma san halina. Mijinta na kira daga tasha. Ya ce alhamdu lillahi, muryarsa ta karye. Awa uku muka yi a mota, Rediyo na jikin taga da ƙyallayen a dunƙule a hannunta, ba ta ce mini uffan ba. Wata mata a bayanmu ta miƙo mata lemo, ta karɓa ta yi godiya, ta riƙe shi har muka sauka.

Mun isa da la'asar. Mijin Yaya bai gaya mata muna tafe ba, shi ma tsoronta yake ji. Yaya na kwance a kan doguwar kujera, kanta babu ɗankwali, babu ko silin gashi. Ta ji ƙofa ta juyo. Hannunta ya tafi neman ɗankwalin a bayan kujera, bai same shi ba, sai ya tsaya a kan kanta. Ba 'yarta ta fara kallo ba, ni ta kalla.

"Ke na yarda da ke," ta ce.

Rediyo ta cire takalminta a bakin ƙofa kamar yadda aka koya mata, ta taka a hankali ta zauna a ƙasa daidai fuskar uwarta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Mama, kwas ɗin nan bai karɓe ki ba."

Yaya ta yi wata 'yar dariya, daga nan ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Rediyo ta sauke mata hannun daga kai ta riƙe. Da tari ya taso mata, yarinyar ta zura hannu ɗaya a bayan kafaɗarta ta ɗago ta yadda nas ke yi, ta gyara filo da ɗaya hannun, ta ba ta ruwa kaɗan kaɗan. Sati uku tana koyon wannan a jikin iyayen wasu. Yaya na kallonta, na ga lokacin da ta gane haka, ta rufe ido.

Daga nan Rediyo ta kunna. Ta fara daga jirgin ƙasa, ta bi ta kan mai gadi da surukarsa, da bakin Kawu, da tukunyar Kaka, da tsohon da ke zuwa shan fanka. Duk labarin da ta tara a hutun nan ta juye shi a yammacin. Yaya ta yi barci a tsakiyar labarin nas mai sauri, amma Rediyo ba ta tsaya ba, ta dai rage murya ta ci gaba har ta kai ƙarshe.

Ina zaune a baranda ta fito. Ta miƙo mini ƙyallayen, sun yi laushi da gumin hannunta.

"Ki mayar da su."

Na buɗe baki zan ce abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake, tabon zai fito, kuma rigar za ta yi wa Yaya yawa har ba za ta sawu ba. Duk ta san wannan. Na karɓa na ce to. Kwana biyu na yi a barandar nan da allurar hannu, na farke ɗinkin da na yaba wa kaina, na mayar da kowane ƙyalle gurbinsa, ina bin furannin ɗaya bayan ɗaya don su haɗu. Rigar ta koma ƙugu talatin da takwas, da layin ɗinki biyu a kowane gefe wanda duk mai ido zai gani. Rediyo ta rataye ta a jikin ƙofar ɗakin, inda uwarta za ta riƙa ganinta daga gado.

Kwana tara suka rage na hutu ranar da muka iso. Babanta ya nemo mata izini a makaranta, ta ƙara goma a kai. Ranar na sha taran Yaya ta rasu, da hantsi, Rediyo na ba ta labarin wata malamarsu. Kafin nan Yaya ta yafe mini, ta faɗa da bakinta. Ni ce dai ban gama da kaina ba. Tsohuwar kalandar tana wurina, na sha ƙirga layukan da na ja a bayanta, kwana arba'in da biyar ne muka raba Rediyo da uwarta, ba sa raguwa.

Rediyo ba ta taɓa yi mini gori ba. Tana kira ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta ce a gai da Kaka, minti biyu an gama. Matar Kawu ta ce mini a wurinsu surutunta na nan yadda yake. A wurina ne kawai tashar ba ta kamawa, kuma ban ga laifinta ba.

Da aka ba da dogon hutun bana ban tambayi inda za ta ba, ban kuma ba da shawara ba. Ranar wata Laraba ina yanka sai na ga mutum a ƙofar shago da 'yar jaka. Ta gaishe ni, ta cire takalmi, ta zaro shuɗiyar rigar ta shimfiɗa a kan tebur. Ta ce tana so ta riƙa sawa, amma ta yi mata yawa. Na ɗauko tef, ta ɗaga hannuwa na auna ta, ta yi tsawo har ta fi ni. Na buɗe littafin, na wuce shafin farko da sauri, na sami sabon shafi na rubuta awonta da kwanan wata. Na juya cikin rigar ina neman alli.

"Ki naɗe, Anti," ta ce. "Kada ki yanke."

Na ce to. Ta ja benci ta zauna, ta ɗauki almakashin daga kan tebur ta riƙe a cinyarta, ta fara ba ni labarin direban motar da ta kawo ta.